ƘWAYOYIN BITAMIN: SHIN KWALLIYA NA BIYAN KUƊIN SABULU?

Yau magana zan yi a kan wani yayi da ya shigo mana, wato shan ƙwayoyin bitamin da na man kifi ba tare da ciwon komai ba. Za ki ga budurwa garau da ita, amma jakarta cike da 'yan kwalabe, wai wannan na kare zuciya ne, wancan kuma na hana ciwon suga. Ɗan kuɗin da ta tara na adashi duk sun ƙare a kemis. To wai shin da gaske suna wannan aikin?

Likitoci sun daɗe da gwada abin. A Amurka an bi likitoci maza fiye da 14,000 har sama da shekara 10, wasu na shan ƙwayar bitamin kullum, wasu kuma ana ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. Da sakamako ya fito a 2012, sai aka ga masu shan bitamin ɗin ba su fi sauran tsira daga ciwon zuciya ba. A 2018 kuma aka fitar da sakamakon wani gwajin mai suna VITAL, na mutum kusan 26,000 maza da mata, waɗanda aka bai wa bitamin D da man kifi kimanin shekara 5. Nan ma dai, idan aka haɗa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwar da suke jawowa, ba a ga raguwar a zo a gani ba. Batun suga ma haka ne: a 2019 an gwada bitamin D a kan mutanen da sugansu ya fara hawa, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

Kada ki ce ai ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. A ƙasar Finland an bai wa maza masu shan taba ƙwayar beta-karotin, sai ga shi a 1994 an gano sankarar huhu ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne "sha ka fashe" da wasu 'yan mata ke haɗiya don su yi ƙiba kafin biki. 'Yar uwa, wannan ba bitamin ba ne ko kusa. Sau da yawa akwai dekzametazon a ciki, maganin da ke kumbura fuska, ya hau da jini, ya hau da suga. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ban ce a zubar da kowace ƙwaya ba fa. Wadda likita ya auna ya ga jininta ya yi ƙasa, dole ta sha maganin ƙarin jini. Amaryar da ke fatan samun rabo kuwa, ana so ta fara shan folik asid, maikrogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga, saboda yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awo ma kar a yi wasa da su. Bambancin shi ne, waɗannan giɓi suke cikewa. Tulun da ya riga ya cika kuwa, ƙarin ruwa zubewa kawai zai yi.

To me ke kare zuciyar? Yana nan a madafinmu da ƙafafunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma ki tuna dunƙulen miya ma gishiri ne. Ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a rana, a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wani bincike na 2002 a Amurka ya nuna masu haɗarin ciwon suga da suka rage ƙiba suka riƙa tattaki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga kwaɗon zogale da rama, ga wake, gyaɗa, gero, gwanda da lemo. Ki rage lemon kwalba da soye-soye, ki riƙa zuwa ana auna miki jini lokaci-lokaci.

Shawarata ita ce, kafin ki miƙa kuɗinki ga mai talla, ki tambayi likita ko akwai abin da jikinki ya rasa. In ya ce babu, ki wuce kasuwa ki sayo ganye da kifi ki ɗora tukunya. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.