Gwajin Ƙarfin Kankare a Tsofaffin Gadoji

Kamar yadda aka sani, zirga-zirga tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ta dogara ne a kan gadoji da kwalbatoci, domin koguna irin su Gagare da Bunsuru sun ratsa wannan yanki. Ta kansu manyan motoci ke bi da hatsi da dabbobi zuwa kasuwanni, ciki har da kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Idan gada guda ta karye da damina, garuruwa da dama ne za su yanke daga asibiti da kasuwa.

Lokacin da ake gina gada, akan ɗebi ɗanyen kankare a zuba a ƙananan akwatuna, bayan kwana 28 a matse shi da na'ura har ya fashe, a san nauyin da zai iya ɗauka. To amma gadar da ta shekara talatin ana hawanta, ido kaɗai ba ya iya tabbatar da lafiyarta. Saboda haka injiniyoyi ke bin waɗannan hanyoyi.

Ta farko ita ce gudumar gwaji, wadda Ernst Schmidt, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, ya ƙirƙiro a 1948. Ana danna ta a jikin ginshiƙi, ƙarfen cikinta ya buga ya dawo. Gwargwadon dawowarsa, gwargwadon taurin kankaren. Sai dai bayan kankaren kawai take aunawa.

Ta biyu, ana aika sautin da kunne ba ya ji ya ratsa ginshiƙin. A kankare mai nagarta, sautin kan yi gudun kimanin kilomita 4 a daƙiƙa guda. Idan ya yi jinkiri, alama ce ta tsagewa ko rami a ciki.

Ta uku, wadda ta fi tabbas, ita ce a huda jikin gadar a ciro ɓangare mai faɗin kimanin milimita 100, a matse shi a ɗakin gwaji. Har ila yau, akan fesa masa sinadarin finolfitalin. Inda ya koma ruwan hoda, kankaren yana kare rodin da ke cikinsa. Inda launi bai sauya ba, iska ta riga ta ci wurin, kuma rodi na iya yin tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren.

Rani ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, sa'ad da ruwa ya janye, gindin ginshiƙai ya bayyana.

A ƙarshe, ana kira ga jama'a da su guji haƙar yashi kusa da gada, direbobi kuma su daina lodin da ya wuce ƙa'ida. Duk wanda ya ga tsagewa ko rodi a fili, ya gaggauta sanar da sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa.