Kafin Ka Faɗi Sunanka a Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa tsayawa ba da shaida a wata kotu ta Ikko, ta majistare ce ko Babbar Kotun Jiha da ke zama a Ikeja ko Badagry, ya san cewa da zarar ya yi rantsuwa, tun kafin a tambaye shi abin da idonsa ya gani, sai an tambaye shi sunansa da sana'arsa da inda yake zaune, a rubuta. Jama'armu na Alaba Rago da sauran unguwannin Ojo, har zuwa Agege, da yawansu sukan ɗauka wannan rubutu amana ce tsakaninsu da alƙali, alhali kuwa fayil ɗin nan da magatakarda yake ɗaurewa da zare ya jera a kan kanta, Dokar Shaida ta 2011 ta lissafa shi cikin takardun jama'a, ana iya rubuta takardar nema, a biya kuɗin da aka ƙayyade, a karɓi kwafinsa mai hatimi. To, idan wanda ka ba da shaida a kansa yana da 'yan daba a bayansa, ko kuwa mace ce ta gudu daga mijin da ke dukanta ta ɓuya a ɗakin 'yar uwarta, ka ga adireshin da aka faɗa da baki ya zama hanyar da za a bi a iske mutum har gida.

Ba sakaci ne ya sa aka bar ƙofar kotu a buɗe ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a yi shari'a a bainar jama'a, har da karanta hukunci, domin alƙalin da ya san ana kallonsa ya fi kiyaye hannunsa daga rashawa, mai shaidar zur kuma yakan ji nauyin idon waɗanda suka san shi. Kotun Ƙoli ta riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi, har a shekarar 2007, a shari'ar Edibo, ta rushe hukuncin da aka yanke wa mutum saboda an karanta masa tuhuma a ofishin alƙali maimakon zauren kotu. Talaka baƙo, wanda ba shi da uwa a gindin murhu a garin da ba nasa ba, shi ya fi kowa bukatar wannan buɗewa.

Amma sashen nan da kansa ya yi togaciya: kotu tana da ikon fitar da kowa in ban da masu shari'ar da lauyoyinsu, idan maslahar tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko yaron da bai kai shekara 18 ba, ko sirrin rayuwar masu shari'ar ta bukaci haka. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗaɗa bayani, ya ce a laifuka irin su fyaɗe da ta'addanci da fataucin mutane ana iya hana rubuta suna da adireshi da lambar wayar mai shaida ko wanda aka zalunta, a saka harufa a madadinsu, a ba shi damar magana daga bayan labule, ko da fuska a rufe, ko ta hoton bidiyo daga wani wuri. Jihar Legas tana da tata dokar, wadda aka yi wa gyara a 2021 aka shigar da kariyar shaidu, aka kuma haramta wa 'yan sanda baje waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. Dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007 ta hana yaɗa sunan yaron da maganarsa ke gaban kotu, sa'an nan tun 2018 akwai kotu ta musamman a Ikeja domin laifukan fyaɗe da cin zarafi na cikin gida.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin hukunci ba zai ga baƙon abu a nan ba. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba ya zartar da hukunci sai ya yi i'izari, watau ya sanar da wanda ake ƙara waɗanda suka yi shaida a kansa, ya tambaye shi ko yana da suka ko sauran hujja. Amma Shehu Halil a cikin Muhtasar ya ware wasu wurare, daga cikinsu akwai mutumin da ake tsoron sharrinsa, wanda ba a ambata masa sunayen shaidu, sai nauyin binciken adalcinsu ya koma wuyan alƙali. Abin lura shi ne malamai sun ɓoye sunan mai shaida ne kaɗai, ba su ɓoye shari'ar ba.

Inda aka wuce wannan iyaka an ga abin da ya biyo baya. A watan Oktoba na 2017 aka fara shari'ar mutum sama da 1,600 da ake zargi da Boko Haram a barikin soja na Wawa, kusa da Kainji, ba tare da 'yan jarida ba; suka ya yi yawa a ciki da wajen ƙasa, har a zama na biyu, a Fabrairun 2018, aka bar manema labarai suka shiga. A ganina tsoron da aka ji wa alƙalai da shaidu gaskiya ne, amma labule da ɓoye suna sun isa su magance shi, ba sai an rufe wa iyaye hanyar sanin da wace hujja aka ɗaure ɗansu ko aka sake shi ba.

Abin da ya rage a wuyanka, ɗan'uwa, shi ne ka sani kada ka dogara ga alƙali ya hango tsoron da ke zuciyarka, kuma abin da ya riga ya shiga fayil fitar da shi wuya gare shi. Tun ranar da kake ba da bayani a caji ofis ka faɗa wa mai bincike cewa kana tsoron ranka, ka maimaita wa lauyan gwamnati kafin ranar zama, domin ya roƙi kotu tun ba a kira sunanka ba. In ba ka da kuɗin lauya, akwai ofishin lauyoyin kare talakawa da gwamnatin Legas ta kafa tun shekarar 2000, akwai kuma hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafin gida da fyaɗe. In Turanci ko Yarbanci bai zauna maka ba, nemi tafinta, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.

Sa'an nan ina roƙon sarakunanmu na Hausawa da limamai, waɗanda galibi wurinsu ake fara kai irin wannan magana, su hori jama'a game da wayar hannu, gama sau da yawa kotu tana suturta yarinya, sai maƙwabci ya watsa hotonta da sunan mahaifinta a WhatsApp da sunan neman taimako. Wanda irin wannan saƙo ya iso masa, ya goge shi, ya kuma gaya wa wanda ya turo cewa doka ta hana.