Tarwaɗa a tsakar gida: kiwo da sauƙi, hayayyafa da wuya

A Maraɗi da Yamai, wasu matasa na kiwon tarwaɗa a tsakar gida, cikin tankin roba ko na siminti. Kifin na da juriya: yana shaƙar iska kai tsaye, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika kashe shi ba. In abinci ya wadata, cikin wata 6 yakan kusan kilo ɗaya.

Wajen hayayyafa ake shan wuya. A tanki, macen ba ta sakin ƙwai sai an yi mata allura, namijin kuwa galibi yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan da suka fi girma su ke cinye ƙanana. Mai kiwon da bai ware su da wuri ba, jarinsa ne suke cinyewa yana barci.