Harriet Beecher Stowe: Uwar da Ta Yaƙi Bauta da Alƙalami

A shekarar 1850, bayi sama da miliyan 3 ne a jihohin kudancin Amurka, akasarinsu a gonakin auduga da rake da taba. A idon doka dukiya ne, don haka ana iya sayar da uwa gabas, a sayar da ɗanta yamma. Mutanen arewacin ƙasar sun san da haka, amma da yawansu sun kau da kai. Cikin waɗanda suka hana su ci gaba da kau da kan akwai wata matar aure mai suna Harriet Beecher Stowe.

Tasowarta

An haife ta ranar 14 ga Yuni, 1811, a garin Litchfield na jihar Connecticut. Mahaifinta, Lyman Beecher, fitaccen mai wa'azin Kirista ne. Mahaifiyarta ta rasu lokacin Harriet tana 'yar shekara 5. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata da yayarta Catharine ta kafa a Hartford, daga baya ta koyar a can.

A 1832 iyalin suka koma birnin Cincinnati. Kogin Ohio ne kaɗai ya raba birnin da Kentucky, jihar da ake bauta. Bayin da suka gudo sukan tsallako da dare, masu farautarsu na biye da sawu, kuma ta ji labaransu daga bakin waɗanda abin ya shafa. A 1836 ta auri Calvin Stowe, malamin addini, suka haifi 'ya'ya 7. Albashin maigida ba ya kai su ko'ina, sai ta riƙa rubuta gajerun labarai tana sayar wa mujallu.

Abin da ya zaburar da ita

A 1849 annobar kwalara ta ɗauke ɗanta Samuel Charles yana ɗan wata 18. Ta faɗa daga baya cewa a gefen shimfiɗar yaron ta gane irin zafin da baiwa ke ji idan aka fizge mata ɗa.

Shekara ta zagayo, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kamo bayin da suka tsere. Dokar ta wajabta wa mutanen arewa taimakawa wajen kamun. Wanda ya ɓoye bawa na iya fuskantar tarar dala 1,000 da zaman kurkuku na wata 6. Wanda aka kama ba shi da damar ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke yanke hukunci kuwa dala 10 yake samu idan ya mayar da mutum bauta, dala 5 idan ya sake shi. Daga nan babu sauran mai cewa abin bai shafe shi ba.

Littafin

Tana zaune a Brunswick ta jihar Maine, ga raino ga aikin gida, ta fara rubuta *Uncle Tom's Cabin*. Jaridar *National Era* ta riƙa buga shi kashi-kashi daga Yunin 1851, sannan ya fito a matsayin littafi a Maris na 1852.

Labarin ya fara ne da wani maigida a Kentucky da bashi ya yi wa katutu, ya yanke shawarar sayar da bawansa Tom da wani ƙaramin yaro, Harry. Da uwar yaron, Eliza, ta ji, sai ta saɓi ɗanta cikin dare. Ta iske kogin Ohio cike da ɓallin ƙanƙara masu yawo, dillalin bayi na bayanta, ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan har ta haye, ƙafafunta na jini. Shi kuwa Tom aka yi kudu da shi, har ya faɗa hannun azzalumi Simon Legree, wanda ya sa aka yi masa dukan ajali saboda ya ƙi tona inda wasu bayi mata biyu suka ɓuya.

Ƙarfin littafin yana nan ne: marubuciyar ta bar muhawarar 'yan siyasa, ta yi magana kai tsaye da iyaye mata, musamman waɗanda suka taɓa binne ɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A shekarar farko an sayar da kwafi 300,000 a Amurka, a Birtaniya kuwa sama da miliyan 1. 'Yan kudu suka ce ƙarya ta shirga, sai ta mayar da martani a 1853 da wani littafin da ya tattaro dokoki, shari'o'in kotu da tallace-tallacen sayar da bayi daga jaridu. Yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu ya ɓarke a 1861, ta gana da Shugaba Abraham Lincoln a 1862, aka haramta bauta a tsarin mulki a 1865.

Gadon da ta bari

Littafin bai tsira daga suka ba. Tun a zamaninta Martin Delany, baƙar fata mai fafutuka, ya soke ta, ko da yake Frederick Douglass, shi ma baƙar fata mai fafutuka, ya kare ta. An zarge ta da siffanta baƙaƙe da sigogin da farar fata suka saba laƙa musu, da kuma tura wasu taurarin labarin Laberiya maimakon su zauna a ƙasar haihuwarsu. Masu wasan kwaikwayo kuma, ba da izininta ba, suka mayar da Tom tsoho mai rawar jiki gaban ubangida, har sunansa ya zama zagi. A 1949 marubuci baƙar fata James Baldwin ya yi wa littafin kakkausar suka.

Ta rubuta littattafai kusan 30, ta rasu a Hartford ranar 1 ga Yuli, 1896, tana da shekara 85. Kurakuranta na nan a fili, amma a lokacin da mata ba su da ko ƙuri'a a Amurka, ta sa miliyoyin mutane sun ga bawa a matsayin mutum mai uwa da ɗa. Ƙagaggun labarai kaɗan ne suka yi wa tarihi irin wannan aiki.