Nima da Maamobi: Wuri, Jama'a da Shugabanci a Zangon Akra

Nima da Maamobi unguwanni ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a cikin Akra, babban birnin ƙasar Ghana, wanda fataken Hausawa na dā suke kira Ankara. Mutanen Ghana suna kiran irin waɗannan unguwanni "zongo", kuma kalmar Hausa ce, wato zango. A ƙasar Hausa zango shi ne inda ayari yake sauka ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A Ghana kuwa zango shi ne unguwar da baƙi daga arewa suka zauna, galibinsu Musulmi. An haifi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne a waɗannan unguwanni, amma har yanzu ana yi wa mutanensu kallon baƙi. Wannan ya shafi yadda aka gina unguwannin, da irin mutanen da ke cikinsu, da kuma yadda ake mulkinsu.

Wuri da yanayi

Faɗin ƙasar Ghana ya kai murabba'in kilomita 238,500. Tana iyaka da Kodebuwa daga yamma, da Togo daga gabas, da Burkina Faso daga arewa, daga kudu kuma sai tekun Atlantika. Akra tana bakin teku. Nima tana kimanin kilomita biyar arewa da tsohon gari, Maamobi kuma tana arewa da Nima. Unguwannin Kanda da Kokomlemle da Accra New Town da Kotobabi da Roman Ridge ne suka kewaye su. Fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama duk ba su da nisa daga nan. Saboda haka unguwannin talakawa ne da ke zaune a kan fili mai tsada ƙwarai.

Damina biyu ake yi a Akra. Babbar tana farawa wajen watan Afrilu ta kai Yuli, kuma ruwa ya fi yawa a watan Yuni. Ƙaramar tana zuwa daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai hunturu ya sauko daga arewa da ƙurarsa, ko da yake ba ya yin tsanani kamar na Kano ko na Maraɗi.

Wani babban lambatu ne ya raba Nima da Maamobi. Asalinsa rafi ne. Ruwansa yana faɗawa kogin Odaw, daga can ya bi ta tafkin Korle ya shiga teku. Idan shara ta toshe waɗannan magudanai, ruwa yakan cika gidajen da ke gangare. Ranar 3 ga Yuni 2015 an yi ruwa mai yawa, Odaw ya yi ambaliya, wuta kuma ta kama wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, inda mutane suka fake. Fiye da mutum 150 suka rasu.

Galibin gidajen Nima da Maamobi gidajen haya ne masu rufin kwano, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida. Iyali guda sukan zauna a ɗaki ɗaya ko biyu. An gina gidajen kafin a fitar da tituna, don haka lunguna da yawa mota ba ta shiga. Gidaje da dama ba su da bayan gida ko famfo, sai a biya kuɗi a na unguwa, a kuma sayi ruwa a jarka.

Yadda aka kafa su

Cinikin goro ne ya fara kai Hausawa wannan yanki. Fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja, su kai tufafi da kanwa da fatu kasuwar Salaga, su komo da goron ƙasar Asante. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, kuma cikin sojojinsu akwai rundunar da ake kira ta Hausawa. A 1877 suka mai da hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwarta da malamanta suka bazu zuwa wasu garuruwa. Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Wasu kuma suka gangara Kumasi da Akra.

Zangon farko na Akra yana cikin tsohon gari, kusa da kasuwa. Da wurin ya cika, kuma rigingimun limanci da sarauta suka yi yawa, sai Malam Baƙo, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, ya nemi fili wurin sarakunan ƙabilar Ga, ya kafa Sabon Zango wajen shekarar 1910.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 wani malami Bafulatani, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. A lokacin wurin daji ne na kiwon shanu, a wajen iyakar gari. Wasu suna cewa sunan daga kalmar "ni'ima" ya fito, wasu kuma suna cewa daga harshen Ga ne, ma'anarsa garin sarki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka kafa sansani kusa da filin jirgin sama, sai masu neman aikin gadi da dafa abinci da wanki da leburanci suka cika Nima. Da yake wurin ba ya ƙarƙashin hukumar gari a lokacin, babu wanda ya tsara tituna ko magudanai. Sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da ita cikin birni, bayan an riga an cika ta da gidaje. Maamobi ma haka ta girma, da waɗanda ba su sami wuri a Nima ba.

Jama'a

Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna Ghana tana da mutum miliyan 30 da dubu 800, kuma kusan kashi 20 cikin 100 Musulmi ne. Ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, tana da mutum sama da 50,000. Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, tana da sama da 60,000.

Hausawa na asali kashi ɗaya ne kawai cikin waɗannan mutane. Akwai 'yan arewacin Ghana, kamar Dagomba da Gwanjawa da Mamprusi da Wala da Frafra da Kusasi da Sisala. Akwai Kotokoli da Chamba waɗanda kakanninsu suka zo daga Togo, da Mossi daga Burkina Faso, da Zabarmawa daga Nijar, da Wangarawa, da Fulani, da Yarabawa. Akwai kuma Kiristoci da yawa, cikinsu har da Ewe da Akan da Ga, don haka ana ganin coci kusa da masallaci.

Nijar da Burkina Faso da Mali ba su da teku, kuma tun zamanin Turawa samarinsu suke gangarowa gaɓar teku cin rani. Har gobe wannan hanya ba ta mutu ba. Manyan motoci suna kawo albasar Nijar Akra, wasu kuma suna ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa arewa. Baƙon da ya sauka yakan nemi mai gida ɗan garinsu, wanda zai ba shi masauki ya kuma tsaya masa a kasuwa. Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima, inda ake samun hatsi da wake da kayan yaji. Unguwar ta kuma yi suna wajen ƙwallon ƙafa. A Nima ɗan wasan nan Mohammed Kudus, wanda aka haifa a 2000, ya tashi.

Harshe

Hausa ce harshen da ya haɗa duk waɗannan ƙabilu. Yaron da iyayensa Mossi ne ko Kotokoli yakan tashi da Hausa a bakinsa, sannan ya koyi Twi ko Ga a kasuwa, da Ingilishi a makaranta. Shi ya sa mutanen kudancin Ghana sukan kira duk wani Musulmin zango Bahaushe, ko da ba shi da dangi ko ɗaya a ƙasar Hausa.

Hausar Akra ta bambanta da ta Kano. Masu magana da yawa ba su rarrabe jinsin namiji da na mace a nahawu, sai a ji an ce "mota ya zo". Wasu kuma ba su bambanta k da ƙ, ko d da ɗ. An kuma ari kalmomi da yawa daga Ingilishi da Twi da Ga. Su ma harsunan Ghana sun ari na Hausa, musamman sunayen abinci. Shinkafa da wake ita ce "waakye", tuwo mai zafi shi ne "tuo zaafi", ƙosai shi ne "koose", kokon gero kuma ana kiransa "Hausa koko". Matan da ke ɗaukar kaya a kasuwa ana ce musu "kayayei", wato kalmar Hausa "kaya" haɗe da kalmar Ga mai nufin mata.

Shugabanci

Iko iri uku ne ke aiki a Nima da Maamobi.

Na farko shi ne na masu ƙasa. A al'adar kudancin Ghana ƙasa ta sarauta ce ko ta dangi, kuma a Akra ta ƙabilar Ga ce. Wanda ya gina gida a zango gidan nasa ne, amma asalin filin yana hannun masu ƙasa, kuma gidaje da yawa ba su da cikakkun takardu.

Na biyu shi ne na sarakunan zango da limamai. Kusan kowace ƙabila tana da sarkinta, wanda ake naɗa wa rawani kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa, da magajiya mai kula da sha'anin mata. Sarkin zango yana mulkin mutane, ba ya mulkin ƙasa. Aikinsa sulhu ne tsakanin ma'aurata da maƙwabta da 'yan kasuwa, da tsaya wa mutanensa gaban hukuma. Tsarin mulkin 1992 ya amince da sarautun gargajiya, amma majalisun sarakuna da ya tanada na masu ƙasa ne, don haka sarakunan zango suna da tasu majalisar dabam. A ɓangaren addini, an naɗa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akra a 1919, babban limamin ƙasa a 1993. A watan Yuli 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a Kanda, dab da Nima, wanda Turkawa suka taimaka aka gina.

Na uku shi ne na gwamnati. Ghana jamhuriya ce mai jihohi 16. Ana zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar dokoki duk shekara huɗu. Kafin 2012 Nima da Maamobi mazaɓa ɗaya suke, daga nan aka raba su, kowacce da ɗan majalisarta. A 2018 kuma kowacce ta sami ƙaramar hukumarta. Jama'a suna zaɓen kashi 70 cikin 100 na kansiloli, ba da sunan jam'iyya ba, shugaban ƙasa ya naɗa sauran. Shi ne kuma yake gabatar da sunan shugaban ƙaramar hukuma, kansiloli su amince. Shara da magudanai da kasuwa da izinin gini duk aikin ƙaramar hukuma ne.

Wani lokaci waɗannan iko sukan yi karo. Misali, idan mutum ya rasu, iyalinsa sukan kai rabon gado wurin liman a raba bisa shari'ar Musulunci. Amma dokar gado ta 1985 ta hau kan kowa, kowane addini yake bi, kuma rabonta dabam ne. Idan ɗaya daga cikin magada ya kai ƙara kotu, da dokar gwamnati za a yi aiki.

Ɗan ƙasa ko baƙo

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane masu ɗimbin yawa suka fita zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta. Cikinsu akwai waɗanda a Ghana aka haife su, ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Wasu suka sayar da gidajensu da araha. Mutanen zango ba su manta da wannan ba, kuma yana cikin dalilan da ake bayarwa na yadda Nima da Maamobi suka fi zaɓen jam'iyyar NDC a kan NPP, wadda ake dangantawa da gidan siyasar Busia. Duk da haka NPP ce ta ba ƙasar mataimakan shugaban ƙasa Musulmi guda biyu, Aliu Mahama daga 2001 zuwa 2009, da Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025. Gwamnatinta ce kuma ta kafa asusun raya zango, da ma'aikatar zango wadda ta yi aiki daga 2017 zuwa 2021.

A dokar Ghana haihuwa a cikin ƙasar kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa. Ana duba ko ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Saboda haka idan ana rajistar zaɓe ko katin shaida ko fasfo, mutanen zango sukan yi kukan cewa ana tsananta musu tambaya saboda sunansu ko harshensu. Wanda aka tambaye shi garinsu ya ce Nima, sai a sake tambayarsa ainihin garinsu.

Maganar fili ma tana nan. A 2019 gwamnatin Nana Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa yake Nima, ta bayyana shirin sake gina Nima da Maamobi da gidajen zamani, ta kuma ce ba za a kori kowa ba. Har wa'adinta ya ƙare a Janairu 2025 ba a yi aikin ba. Duk ranar da aka tashi yin irinsa, sai an warware wanda za a yi shawara da shi da wanda za a biya diyya: iyalin Ga masu fili, ko magadan da suka gaji gida, ko 'yan hayar da suka fi kowa yawa a unguwar.