Asirin Majinyaci Daban, Asirin Kwangila Daban

Tun shekarar 1929 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda, samarin Moriki da Zurmi da Shinkafi suka saba da aikin lada, watau dakon gyaɗa da auduga da gyaran hanya. Aikin ƙarfi kuwa ba ya rabuwa da rauni. Cikin 1941 Turawa suka kafa dokar diyyar ma'aikata, suka ɗora biya bisa wuyan ubangidan lebura. Sai ya zama in ubangida ya tsiyace, ko ya yi gardama, lebura ya tashi a tutar babu.

Cikin 2010 aka sake doka. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata wajibi ne ya zuba naira ɗaya cikin kowace ɗari ta jimillar albashin da ya ke biya a wani asusu, ba kuwa a yarda ya cire ta daga ladan ma'aikaci ba. Hukumar NSITF ta Gwamnatin Tarayya ita ke riƙe da asusun. Wanda ya yi rauni a bakin aiki ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukuma labari cikin kwana 7. Neman diyya kada ya wuce shekara ɗaya.

To, hukumar ba ita ke ɗora karaya da hannunta ba. Kuɗin jinya yana bi ta hannun asibitoci da masu sayar da magani da masu ƙera ƙafar roba. Nan ne maganar asiri ta ke shigowa, asirin kuwa iri biyu ne.

Na fari, asirin majinyaci. Magini daga Moriki da ya faɗo daga tsani, abin da likita ya gani a jikinsa tsakaninsu ne. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta rufa wannan asiri, haka kuwa ya kamata, domin tonon ciwon mutum yana iya raba shi da abincinsa.

Na biyu, asirin ciniki. Sashi na 15 na dokar nan ya yarda a ɓoye sirrin sana'ar kamfani in bayyana shi zai cuce shi wajen abokan gasa. Amma sashin ya ce in amfanin jama'a ta fuskar lafiya ya rinjayi hasarar kamfani, sai a bayyana. Kowa yana da ikon rubuta takarda ya tambaya, ba sai ya faɗi dalili ba, a amsa masa cikin kwana 7. In an hana, sai ya kai ƙara kotu.

Dalilin da ya sa tambaya ta zama dole ya fito fili cikin watan Agusta na 2022. Kwamitin Majalisar Dattawa ya nemi takardun biyan fiye da naira biliyan 17 da suka fita daga hannun hukumar cikin 2013, shugabanninta suka ce mai yiwuwa ruwan sama da gara sun lalata su. Da an buga sunayen waɗanda aka biya tun ran da aka biya su, da gara ba ta sami abin ci ba.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin ma'aikata na ƙasar Zamfara su riƙa tambaya a rubuce: wane asibiti aka biya, nawa aka ba shi, mutum nawa ya warkar? Kuɗin nan amana ce ta masu rauni, mai riƙon amana kuwa ba ya ƙin lissafi. A rufa asirin mara lafiya, a buɗe littafin kwangila. Allah ya kiyashe bayinsa daga hatsarin aiki, amin.