Shafin Ƙaramin Coci: A Rage Masa Kaya

Shafukan intanet na ƙananan coci-coci kusan labarinsu ɗaya ne. Wani matashi mai zafin nama, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo garin, ya haɗa shafi ya loda masa kaya: hotuna masu juyawa, waƙa mai tashi da kanta, tarihin ikilisiya tun zuwan 'yan mishan. Ya gama shekararsa, ya tafi da kalmar sirri a kansa. Sai ka tarar shafin yana ta gayyatar jama'a bikin Kirsimetin da aka yi tun bara waccan.

Kafin a taɓa komai, dattawa su fara tambayar kansu: wa ke buɗe shafin nan? 'Yan ikilisiya suna jin sanarwa daga bakin magatakarda ranar Lahadi, sauran kuma su gani a WhatsApp na zumuntar mata ko na matasa. Mai buɗe shafi baƙo ne, irin malamar asibitin da aka yi wa canjin wurin aiki. Abin da yake nema shi ne: ƙarfe nawa ake sujada? A coci-cocin ECWA, COCIN da EYN da yawa ana yin ta Turanci daban, ta Hausa daban, to wacce ce ta farko? Ina cocin yake? Wannan ya kamata ido ya fara gani, har da kwatance irin namu, "bayan gidan mai, daura da firamare", da alama a Google Maps, wadda kyauta ce. Jawabin maraba na fasto ya koma ƙasa. Ba raini ba ne.

Da waya za a buɗe shafin, sau da yawa inda sabis ke rawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, alhali hoto guda daga kyamarar waya yakan kai megabait uku ko huɗu. A rage nauyin hotuna. Wa'azi kuwa a ɗora shi a YouTube ko Facebook, shafin ya nuna hanya kawai. A kuma gwada rubutun a ƙaramar waya, don wasu salon haruffa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito kamar akwati.

Inda gizo ke saƙar shi ne riƙo. WordPress, dandalin gina shafi wanda ya fito a 2003, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, amma kowane ƙari da aka liƙa masa yana neman sabuntawa, in ba haka ba ya zama ƙofar masu kutse. A ganina, shafin da magatakarda ba zai iya gyarawa da wayarsa ba ya fi ƙarfin cocin. Sunan shafin ma haya ce ta shekara-shekara, masu ƙarewa da .ng kuwa hukumar NiRA ke kula da su. A yi rajista da sunan ikilisiya, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, tunda fasto ma ana canza masa wuri.

Akwai abin da bai dace ya hau shafi ba sam: roƙon addu'a mai sunan mara lafiya, lambobin wayar membobi, hotunan yaran makarantar Lahadi ba da izinin iyaye ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa lafiyar mutum da addininsa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman.